Bireka na yawan yanke wuta: a sa babba, ko a sake wayarin gidan?

Tambaya: "Gidan da nake ciki ya kai shekara talatin da ginawa. A 'yan shekarun nan mun sa esi uku, hitar ruwan wanka biyu, injin wanki da murhun lantarki. Yanzu kusan kullum da yamma sai bireka ta faɗi, wani soket ɗin falo kuma ya yi baƙi. Wani mai gyara ya ce a cire birekar amfiya 20 a sa mai 40, magana ta ƙare. Wani kuma ya ce sai an fasa bango an sake wayarin gidan kaf. Wanne zan bi?"

Malam, shawarar farko kada ka kusance ta. Ta biyun tana iya zama gaskiya, amma wanda ya faɗa maka ita bai isa ya sani ba sai ya ɗora na'urar gwaji a kan wayoyinka, kuma daga yadda ka kawo maganar ban ga alamar ya yi haka ba.

Bari in fara da birekar, domin a nan ne mutane suka fi cutar kansu. Yawancinmu muna ɗauka an sa bireka ne don ta tsare talabijin da firji. Ba aikinta ba ke nan. Bireka mai gadin waya ce, wayar da ke binne cikin bango da silin inda idonka ba ya kaiwa. Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta ɗauka kafin ta yi zafin da zai lalata robar da ke jikinta. Robar PVC da aka fi amfani da ita a gidaje an yi ta ne ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 70 ba. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5 (milimita murabba'i ake nufi), wadda ita ce ta soket a yawancin gidaje masu wutar bolt 230, tana ɗaukar amfiya 20 zuwa 27 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), gwargwadon yadda aka shimfiɗa ta. Shi ya sa aka haɗa ta da bireka mai 20. In ka sa mai 40, wayar tana nan yadda take, mai gadinta kawai ka sallama. Kuma zafin waya ba ya hawa daidai da hawan wuta, ninkawa yake yi: in wutar da ke bi ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Wayar da ke ɗumi-ɗumi a amfiya 20, a 40 gasa robarta take yi, a hankali, wata bayan wata, har robar ta bushe ta tsattsage. Birekar kuwa ba za ta sake damun ka ba, kana ta sa wa mai gyara albarka. Irin wannan ne tsofaffin ma'aikata suka sha gani a zamanin fis, inda in siririyar wayar fis ta ƙone sai a naɗa mata mai kauri, wani ma har ƙusa yake cusawa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Yanzu ga lissafin da zai nuna maka abin da ke faruwa a gidanka da yamma. Kowane kayan lantarki akwai rubutu a jikinsa da ke faɗin wat nawa yake ci. Raba wat ɗin da 230, sai ka sami amfiya. Esi mai doki ɗaya da rabi yana cin wajen wat 1,300, wato kusan amfiya 6. Dutsen guga mai wat 2,000, amfiya 9 saura kaɗan. Butar lantarki mai wat 2,200, kusan 10. Na'urar ɗumama abinci, wajen 6. In waɗannan huɗun duk a layi ɗaya suke, kuma a tsofaffin gidaje ba abin mamaki ba ne a tarar falo da ɗakin girki suna kan layi guda, to kana tura amfiya 31 ta birekar da aka yi don 20. Tana da gaskiya da take faɗuwa.

Ka lura kuma da yadda take faɗuwar, domin labari ne take ba ka. A cikin bireka akwai abu biyu. Akwai wani siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa in ya ji zafi, shi ne ke kama yawan lodi, kuma ba ya gaggawa, yakan ɗauki mintuna kafin ya yanke. Akwai kuma maganaɗisu da ke fizge ta nan take in waya ta taɓa waya. Saboda haka in takan yi minti goma ko ashirin bayan an kunna kaya sannan ta faɗi, lodi ne ya yi yawa. In kuwa da ka ɗaga ta take komawa da ƙara, akwai gaurayar waya a wani wuri ko a cikin wani kayan, kuma ci gaba da ɗaga ta ganganci ne.

Soket ɗin da ya yi baƙi ya fi birekar tayar mini da hankali. Bireka na ganin yawan wuta ne kawai, ba ta ganin sukurun da ya saki. In mahaɗar waya ta yi sako-sako, wuta na matsawa ta ɗan wurin da ya rage tana taɓawa, sai wurin ya yi zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, ya yi tsatsa, ya ƙara zafi. Duk wannan yana iya faruwa da amfiya 10 kacal, birekar tana zaune lafiya lau. Ka daina amfani da wannan soket yau, ka sauke birekar layinsa har a buɗe shi. In an buɗe kada a tsaya a canza fuskar kawai, a yanke wayar har inda robarta ke da laushi da launinta na asali. Haka nan ekstenshin: fulogi irin na Ingila mai ƙafa uku iyakarsa amfiya 13, wato wajen wat 3,000, kuma ekstenshin mai baki shida ma wannan iyakar ce a kansa gaba ɗaya, ba kowane baki ba. Guga da buta a ekstenshin ɗaya sun riga sun wuce gona da iri.

Ba laifin wanda ya yi wayarin gidanka ba ne, watakila. Ya yi wa zamaninsa aiki: fitilu, fankoki, firji ɗaya, talabijin, guga. Abin dariya ma shi ne fitilu sun rage ci, kwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon kwai mai wat 60. Wayoyin hannu da kwamfuta kuwa ba su taka kara sun karya ba a lissafi. Masu cin wuta iri biyu ne: abin da ke ɗumama abu, da abin da ke juya babban inji a cikinsa. Duk abin da ka lissafa a tambayarka daga cikin biyun nan yake.

To, a fasa bango ko kada a fasa? Shekara talatin kaɗai ba hujja ba ce. Wayar PVC ta jan ƙarfe mai kyau, wadda ba a gasa ta da lodi ba, ruwa bai jiƙa ta ba, ɓera bai ci ta ba, tana iya wuce haka da nisa tana aiki. Abin da zai raba gardama gwaji ne, kuma ga abin da za ka nema da bakinka. A auna lafiyar robar wayoyin da na'urar da ke tura bolt 500, bayan an cire duk kayan da ke jone. Ƙa'idar Ingila mai suna BS 7671, wadda ƙasashe da dama suka gina tasu a kanta, ta sa megohm 1 (ma'aunin yadda roba ke hana wuta yoyo) a matsayin mafi ƙaranci, amma ni in na ga layi yana yawo kusa da nan ba na sakin jiki da shi, domin sabuwar waya ɗaruruwa take nunawa. A auna ko wayar ƙasa, wadda masu aiki ke kira atin, mai kwashe wutar da ta ɓalle zuwa jikin kaya, ta isa kowane soket ba ta yanke a hanya ba. A buɗe soket da makunni da dama a duba kaurin waya da irin ƙarfenta. Sannan a maƙala mitar auna amfiya a babbar wayar shigowa a daidai lokacin da gidan ya fi cin wuta. Wanda ya zo maka da sukundireban gwaji mai ɗan kwai a gindi kaɗai, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can ya yanke hukunci, bai gwada komai ba.

Maganar irin ƙarfen tana da muhimmanci. Sauƙin bin wuta a cikin alminiyam wajen kashi 61 ne cikin 100 na jan ƙarfe mai kauri ɗaya, don haka ya fi saurin zafi, kuma yana saki a ƙarƙashin sukuru da daɗewa. Amurka ta ɗanɗana wannan: daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, da jan ƙarfe ya yi tsada, an yi wa gidaje masu yawa wayarin soket da alminiyam, daga baya mahaɗun suka riƙa zafi suna jawo gobara. Yau matsalar ta dawo da wata riga: wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ana sayar da ita a matsayin ta gaske. Kankare ta da wuƙa, in cikinta ya yi fari ka san abin da ka riƙe. Na taɓa buɗe wani gida da bai shekara biyar ba na tarar duk wayarsa irin wannan ce, an rubuta 2.5 a jikinta alhali ko kaurin bai cika ba. Wannan gidan sabo ne amma sai da aka zare komai. In gwaji ya nuna irin haka a naka, ko roba na farfashewa in an lanƙwasa ta, ko babu wayar ƙasa a soket, to mai gyara na biyu ya yi gaskiya. Ko a nan ma, in wayoyin cikin bututu suke, sau da yawa ana zare tsohuwa a ja sabuwa ba tare da an taɓa bango ba.

In kuwa tsofaffin wayoyin sun ci gwaji, abin da na fi tsammani, maganinka ya fi sauƙi: a bar su da ƙananan kayan da aka yi su dominsu, a ja wa kowane babban kaya layinsa daga akwatin rarraba wuta. Kowane esi da layinsa da birekarsa, kowace hita haka, injin wanki haka, famfon tura ruwa in akwai shi haka. Ga esi irin naka ko hita mai wat 2,000, waya 2.5 da bireka 16 ko 20 sukan isa in tazarar ba ta da nisa. Murhun lantarki yawanci waya 6 da bireka 32. Fitilu waya 1.5 da bireka 6 ko 10. Na ce "yawanci" da gangan, domin abu biyu na canza lissafin, kuma masu haddace lambobi suna mantawa da su. Na farko zafin wurin da wayar ke bi. Jadawalin ƙarfin waya an gina shi ne a kan iska mai digiri 30. A digiri 40 wayar PVC na ɗaukar kashi 87 ne cikin 100 na abin da aka rubuta, a digiri 50 kuma kashi 71. Cikin silin a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana yana kai haka, kuma daidai lokacin ne esi ke aiki tuƙuru. In an cusa layuka da yawa a bututu ɗaya, sai a ƙara ragewa, don suna ɗumama juna. Na biyu nisa. Waya 2.5 tana zubar da milibolt 18 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) a kowace amfiya a kowace mita. Amfiya 20 a tsawon mita 40 ta zubar da fiye da bolt 14, sama da kashi 6 cikin 100, alhali ƙa'idar da na ambata ta tsaya a kashi 5 ga soket, kashi 3 ga fitilu. A irin wannan sai a hau zuwa waya 4. Ƙari a kan haka, inda wuta ke zuwa da rauni, kaya masu inji da sitabilaiza suna ƙara jan amfiya don su cike giɓin, wat 1,300 a bolt 170 ya kusa amfiya 8 maimakon 6.

Harafin da ke gaban lambar bireka ma ba ado ba ne. Mai B tana yankewa nan take a ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C a ninki 5 zuwa 10. Esi na tsohon yayi da famfo suna fizgar wuta ninki da yawa a daƙiƙar tashi, don haka C ta fi dacewa da su, muddin gwaji ya nuna layin zai iya kayar da ita da sauri in an sami matsala. Esi mai inbata yana tashi a hankali, ba ya wannan fizgar.

Ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi zan sa a gaba da komai in kuɗina ne. Bireka ta 20 ba ta san mutum ba. Wutar da ke iya hargitsa bugun zuciya ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, birekar kuwa sai an wuce ashirin take motsi. Kana da hita biyu a banɗaki, inda mutum ke tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen ƙasa yana riƙe da famfon ƙarfe. Ranar da ƙarfen ɗumama ruwan ya huje, abu biyu ne ke tsakanin iyalinka da wutar: wayar ƙasa mai kyau, da wata na'ura da za ka ga an rubuta RCD a jikinta. Aikinta awo ne: tana kwatanta wutar da ta fita ta wayar wuta da wadda ta dawo ta nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. In an sami bambancin miliamfiya 30 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya), ta san wuta ta ɓalle ta wata hanya, watakila ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. A Amurka irinta GFCI ake kira, tana yankewa a wajen miliamfiya 5. Gida mai shekara talatin da wuya a sami wannan a cikinsa. Kuma a gidan da atin ɗinsa sandar ƙarfe ce da aka kafa a ƙasa, bireka kaɗai ba ta wadatar ba sam, domin ƙasa ba ta barin wuta mai yawa ta wuce har bireka ta ji. Jikin hitar zai zauna da wuta yana jiran mai taɓawa. Sandar ma a auna ta, musamman lokacin da ƙasa ta bushe. Na sha tono sandar da tsatsa ta cinye, wayarta na lilo ba ta haɗe da komai ba.

Akwai gargaɗi guda: in an sa RCD a tsohon gida takan fara faɗuwa, sai a ce ba ta da kyau a cire ta. Kusan kullum tsohuwar cuta ta tono, ko nutiral ɗin layi biyu da aka gauraya, ko hita mai yoyon wuta. A nemo cutar. Kuma in hali ya yi, maimakon RCD ɗaya ta riƙe gidan duka, a sa wa kowane layi RCBO, wadda ta haɗa aikin bireka da na RCD a jiki ɗaya, don matsalar banɗaki kada ta jefa gida cikin duhu ta kashe firji. Saboda kayan zamani masu inbata, a nemi RCD ko RCBO nau'in A, ba tsohon nau'in AC ba. Sabon akwatin ya kasance da gurabe huɗu ko biyar a buɗe don gaba, da na'urar kare kaya daga tsalle-tsallen wuta da tsawa, wadda ake rubuta wa SPD, a kuma rubuta sunan kowane layi a ƙarƙashin birekarsa.

Saura babbar ƙofa, wato wutar da ke shigo maka daga mita. In fis ɗin kamfani 60 ne, iyakarka wat 13,800. In 100 ne, wat 23,000. Ba a tara dukkan kayan gida a ce shi ne buƙata, don ba a kunna su lokaci guda. Ga murhu, tsarin Ingila yana ɗaukar amfiya 10 na farko cikakku, da kashi 30 cikin 100 na sauran, don haka murhu mai amfiya 30 ana lissafa shi 16. Esi da hita kuwa ni cikakku nake lissafa su: esi uku 17, hita biyu 17, murhu 16, sauran gida a ce 15. Ka ga 65 ke nan, ka taɓa bakin 60 har ka ɗan gota. Awon da aka yi da yamma ne zai nuna gaskiya. In ya tabbata, ko ka nemi kamfanin wuta ya ƙara maka, tare da ƙara kaurin wayoyin da ke tsakanin mita da akwati, ko ka koma fes uku, wato wayoyin wuta uku daga kamfani maimakon ɗaya, ko kuma ka rage haɗuwar lodi ta hanyar sa wa hitoci agogon da zai kunna su a lokacin da murhu ke hutawa. Wannan na ƙarshen ya fi kowanne sauƙi kuma yana aiki. Fis da mita na kamfani ne, ba mai gyaranka ne zai taɓa su ba. In ka koma fes uku, a raba lodi daidai tsakaninsu, a kuma ɗaure nutiral da kyau, domin tsakanin fes da fes bolt 400 ne, kuma in nutiral ya yanke wasu ɗakunan za su sami wutar da ta haura 230 da nisa, kaya su ƙone a tare.

In kana da janareta ko inbata da sola, ko kana shirin sa su, faɗa wa mai aikin tun yanzu. A ware fitilu, fankoki, firji da 'yan soket a ƙaramin akwati nasu, manyan kaya su zauna a ɗaya ɓangaren. A sa canjoba na gaske wanda ba zai yiwu wuta biyu su haɗu ta cikinsa ba, domin wutar da ta koma layin waje tana iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layin a mace yake. A kuma gwada RCD a kan wutar inbata da ta janareta daban, don a wasu haɗe-haɗen ba ta ganin komai in an bar wutar kamfani. Motar lantarki kuwa, cajarta ta gida mai kilowat 7.4 tana jan amfiya 32 na sa'o'i ba hutu, fiye da rabin fis mai 60. Ko ba ka da ita yau, shimfiɗa bututu fanko zuwa inda kake ajiye mota lokacin da ake aikin ba zai ci maka komai ba.

In kuɗin ba zai ɗauki aikin a tashi ɗaya ba, ga yadda zan jera shi: gwaji da gyaran mahaɗun da suka ƙone, sai atin da RCD, sai layukan hita da murhu da esi, sannan maganar ƙarin wuta daga kamfani. Kafin nan, birekar 20 ta zauna a wurinta, a daina haɗa guga da buta da na'urar ɗumama abinci lokaci ɗaya. Wanda zai yi aikin ya zama mai lasisin da dokar ƙasarku ta yarda da shi, kuma kada ka cika masa kuɗinsa sai ya ba ka sakamakon gwajin kowane layi a rubuce, da lambobinsa. Ajiye takardar kusa da akwatin. A jikin RCD akwai ɗan maɓalli mai harafin T, danna shi duk wata shida. In wuta ta yanke, ɗaga ta ka ci gaba da harkarka. In ba ta yanke ba, kira mai aikin a ranar.